Maigidana a Dajin Sterling

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, kuma a wannan karon Ya kira wanda ya fi mu duka shirin tafiya. Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi a wani asibiti a Germantown, nan ƙasar Amurka, aka yi masa sallah washegari bayan azahar.

Gidan 'yarsa bai ɗauki mutane ba. Matan Kumasi sun zo da fararen mayafai da manyan kuloli na shinkafa da wake, irin tasu mai ja. Direbobin filin jirgi sun jera motoci har maƙwabta suka fara leƙowa ta taga. Kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce ranar da ya sauka ƙasar nan bai san kowa ba, Kawu ne ya ɗauke shi ya ba shi tuwo. Wata tsohuwa 'yar Accra ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tabo a rigarsa ba. Liman ya ce sahun gaba ya yi rashi.

Ana cikin haka sai ga wani tsohon Bature, gemu har ƙirji, sanye da tsohuwar rigar soja. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce ya cire, ya yi sallama da irin bakinsa, ya samu kusurwa ya zauna, ya fashe da kukan da ya fi na kowa. Mata suka fara taɓa juna. Ɗaya ta tambayi 'yar marigayi wane ne wannan. Ta ce, "Abokin aikin Baba ne."

Saura kaɗan shinkafa ta shaƙe ni. Abokin aiki! A lokacin da suka san juna, cikinsu babu mai aiki, kuma rashin aikin ne ya haɗa su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni da na bar makaranta a aji uku bayan mun yi yarjejeniya da malami cewa kowa ya huta. Duk wanda ya yi magana a gidan nan ya faɗi gaskiya, amma an tsallake shekara guda, kuma ita ce shekarar da na fi kewa. Na nemi izinin 'yarsa. Ta ce in rubuta, amma kar in sa suna. Wannan bai ba ni wahala ba. Shi kansa ban taɓa jin ya kira sunanta ba, don ita ce 'yar fari. "Yarinyar nan" yake ce mata, har ta yi furfura.

Ni da Kawu ba jini ya haɗa mu ba. Ni Bakano ne, na zo da biza don in halarci wata kasuwar baje koli ta mako biyu, har yau ban gama kallon kayan ba. Shi kuma haifaffen zangon Kumasi ne, kakansa fataucin goro ya kai shi can daga Kano. A masallacin Sterling muka haɗu, ina raɓe-raɓe a bayan sahu kamar wanda ya zo satar takalmi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, wane ne maigidanka a garin nan?"

Na ce ba ni da shi.

"To, ka samu. Ɗauko jakarka."

A hanya ya yi mini bayani. A zango, in baƙo ya sauka, dole ya zama yana da maigida. Shi zai ba shi masauki, shi zai yi magana a madadinsa, in ya kwanta ciwo shi zai yi jinya, in ya mutu shi zai binne shi. Kuma baƙo yana nan baƙo har ranar da ya yi bankwana da bakinsa. Na ce wannan doka ta yi mini daidai. Ya ce ya ga alama.

Muna haya a besmen ɗin wani gida, wato ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi yana tuƙa motar wani otal tsakaninsa da filin jirgin Dulles, ni ina fentin sababbin gidaje. A lokacin gidaje tsirowa suke kamar ciyawar damina. Sai ƙarshen shekarar 2008 ta zo. Na je aiki wata safiya na tarar da gida rabi da fenti rabi babu, ɗan kwangila ya kashe waya. Otal ya rage direbobi, aka fara da tsofaffi. Muka yi ta lallaɓawa har bazara, sannan mai gidan da muke haya ya kasa biyan banki. Muka dawo daga neman aiki muka tarar da katifunmu a kan ciyawa, an sauya makulli.

Na ce, "Kawu, ai sai ka kira yarinyar nan." Na san nas ce, tana da aure, suna da gida mai hawa biyu a Germantown. Matarsa ta riga ta rasu, ita kaɗai ta rage masa.

Ya kalle ni kamar na ce mu yanka kare.

"Gidan suruki? In tashi da safe da buta a hannu in yi karo da shi a ƙofar banɗaki? In zauna ina tauna yana kallon bakina? Bakano, ashe haukarka ta kai nan?"

"To gidan kwanan marasa galihu fa? Kai kana da takardu, za su ba ka gado."

"Kai fa?"

Na ce ni da duk wurin da ake tambayar suna da lamba ba ma ga maciji.

Ya ce, "Maigida ba ya kwana ƙarƙashin rufi baƙonsa na waje. Ɗauki katifar."

Wani ɗan Amurka ta Tsakiya da muka yi fenti tare shi ya nuna mana wurin. A bayan wasu manyan kantuna akwai gangare, a ƙasan gangaren akwai daji da ɗan rafi. In kana kan titi ba abin da za ka gani sai itatuwa. In ka sauka kuwa, gari ne. Tantuna, shuɗin tamfol ɗaure da igiyar shanya, katakon da kantuna ke jibge kaya a kai an mai da shi bango, kekunan kanti sun zama kabad. Akwai magina, akwai masu gyaran lambu, akwai wata mata da ta yi shekaru tana aikin ofis, kullum sai ta taje gashinta ta sa jan baki ta tafi neman aikin da babu. Jirage suna wucewa a kanmu ƙasa-ƙasa, har kana iya ganin tayoyinsu.

Dokar wurin ɗaya ce: kar a gan ka. Kar hayaƙi ya tashi, kar a ji hayaniya, kar a taka hanya ɗaya har ta fito. Washegarin saukarmu Kawu ya gangara bakin rafi ya yanko dogayen ciyayi, ya ɗaure su da tsumma. Bayan sallar asuba sai na ji shar, shar, shar. Na leƙo. Yana duƙe, hannu ɗaya a bayansa, yana sharar daji.

"Kawu, me kake yi?"

"Ƙofar gida."

"Wane gida?"

"Wanda ka kwana a ciki, marar godiya."

Yana da yadda yake yi. Yakan ja tsintsiya ta zana baka-baka kamar mafici, ɗaya kan ɗaya, in ya kai iyaka ya ja layi guda miƙaƙƙe. Daga wannan layin zuwa ciki gidansa ne, kuma ba ka tsallake shi sai da sallama. Maƙwabta suka taso masa. Wannan tsohon soja da na ambata shi ne kan gaba. Ya zo yana ihu da Turanci cewa fili fes a tsakiyar daji ko daga jirgi za a hango shi, za a kore mu duka saboda tsoho ɗaya da tsintsiya. Kawu ya bari ya gama, sannan ya nuna masa ƙafarsa, ta tsallake layi. Sojan ya duba, ya ja da baya taku ɗaya ba tare da ya san dalili ba. Kawu ya ce, "Yawwa. Yanzu yi sallama." Ya koya masa, ya maimaita sau uku, sannan ya juya bokiti ya ce ya zauna, ya zuba masa shayi.

Wannan mutumin ba shi da lafiyar kai sosai. In jirgi ya sauko da ƙara yakan kwanta rub da ciki ya rufe kunne. Kowa gudunsa yake. Kawu ya tambaye shi wane ne maigidansa, bai gane tambayar ba, sai ya ce to shi ma ya samu. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Daga ranar, in jirgi ya taso sai Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan na Accra ne, ƙyale shi, goro zai ɗauko." Duk jirgin da ya wuce na Accra ne a wurin Kawu. Sannu a hankali sojan ya daina kwanciya. Kafin wata biyu rabin dajin suna sallama, har masu Sifaniyanci, kowa da yadda harshensa ya iya lanƙwasa ta.

Ranar Juma'a kuwa sai ka rantse daga gidan sama ya fito. Zai wanke farar rigarsa a rafi tun Laraba, ya shimfiɗa ta a kan katako, ya tafasa ruwa a butar shayi ya goge ta da gindin butar. Sannan mu zagaya ta doguwar hanya don mu ɓullo wa masallaci ta ɓangaren gidaje. A wannan shekarar masallaci na raba kwalayen abinci ga waɗanda aiki ya kuɓuce musu. Kawu yana cikin masu rabawa. Shi ke ɗaukar wa mata kwali zuwa mota yana yi musu addu'ar Allah Ya kawo sauƙi, sannan ya kakkaɓe hannu ya tafi ba komai. Ni nakan koma ta ƙofar baya in ɗauki biyu. Bai taɓa tambayata daga ina shinkafa take fitowa ba. Yakan dai ce, "Allah Ya saka wa wanda ba shi da kunya."

Faɗa ɗaya muka yi mai tsanani, kuma a kan tsuntsuwa ne. Wanda ya san yankin nan ya san manyan agwagin nan masu dogon baƙin wuya da ke cika bakin kowane tafki, suna tsallaka titi a jere motoci na jiransu. Mun daɗe ba mu ga nama ba. Wata rana na je bayan wani ginin ofis da burodi a hannu da bargo a kafaɗa. Ba zan ba da labarin kokawar ba, illa dai ita ta fara cin nasara. Na iso da ita a naɗe, goshina na jini, na ce, "Kawu, wasa wuƙa."

Ya ɗaga bargon. "Ta wace ce?"

"Ta Allah ce."

"Ni ma na Allah ne, amma ina da dangi. Dubi ƙibarta. Abin da ba shi da mai shi ba ya ƙiba haka."

Na rantse masa da duk abin da na sani cewa ba mai kiwonsu. Bai yarda ba. A Kumasi ko kazar da ke yawo a kwata tana da uwar ɗaki. Ya sa hula, ya tasa ni gaba da agwagwa a hammata har ƙofar ginin, ya yi sallama da mai gadi, ya tambaye shi da Turancinsa na girmamawa ko zai haɗa mu da mai agwagin nan, muna so mu sayi ɗaya bashi. Mai gadin ya dube shi, ya dube ni, ya dubi agwagwar. Ya ce na gwamnati ne, kuma in ba mu sauke ta yanzu ba zai kira 'yan sanda.

Muna tafiya Kawu ya ce, "Ka gani? Ta gwamnati ce. Da ka sa ni cin dukiyar hukuma."

Na ce ai hukumar ta ci tamu. Ranar ban ci tuwonsa ba, shi ma bai yi mini magana ba sai da aka kwana biyu. Da ya tashi shiryawa, man zafi kawai ya miƙo mini don goshi.

Yanzu ina da gado, da hita, da firji. Amma in aka ce in zaɓi wuri guda a duniya in koma in zauna na awa ɗaya, bokitin nan zan zaɓa, gab da magariba, shayi na tafasa, Kawu ya miƙe ƙafa yana ba mu Kumasi. Yadda ruwan sama ke dukan kwanon rufi har ba ka jin mai magana kusa da kai. Mai koko da ke kiran mutane da sunan iyayensu. Ganyen da ake naɗe goro a ciki, da ƙamshin rumfar kakansa. Sojan ba ya jin Hausa, amma yana gyaɗa kai a daidai wurin da ya kamata. Ni ban taɓa taka Kumasi ba, ga shi yau ina kewarta fiye da Fagge.

Sai ganye ya fara zuba. Duk dajin ya koma ja da rawaya, kafin Kawu ya kai layinsa baya ya sake cika. Bai fasa ba. Sanyi ya shigo, tari ya kama shi. Da farko na safe ne kawai, daga baya ya zama sai ya dafa itace ya huta tsakanin baka da baka. Na sake kawo maganar Germantown, ya ce in na ƙara zai nema mini wani maigidan. Ita yarinyar tana kiransa a waya lokaci-lokaci, ya ce mata yana wurin wani aboki a Sterling, lafiya lau, sai anjima. Tun asali ba ya doguwar magana da ita, don haka ba ta zargi komai ba.

Wata Asabar mutanen wani coci suka sauko da safa da barguna. A cikinsu akwai wata nas 'yar Filato. Ta ji Kawu yana zagina da Hausa a kan na bar buta a buɗe, ta tsaya cak. Ta zo bakin layi, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, sannu da gida." Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Ya bari ta saurari ƙirjinsa saboda wannan gaisuwar kaɗai. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Tsohon nan ba zai ga ƙarshen sanyin nan a tanti ba."

Daga baya ta gaya mini yadda aka yi. A wurin aiki, suna shan shayi, take ba abokan aikinta labarin wani tsoho Bahaushe da ke sharar daji, yana zana mafici da tsintsiya, ya rufe da layi. Ɗaya daga cikinsu ta ajiye kofinta ta ce a kwatanta mata wurin.

Ashe yarinyar nan ce. Da sassafe suka zo, ita da mijinta. Shi mutumin Zariya ne, aikin kwamfuta yake yi. Ya tsaya can nesa gindin wani itace, ya tsuguna a cikin laka da wandonsa na ofis, kansa a ƙasa. Ita ta zo har bakin layi. Ta dubi tamfol, ta dubi bokiti, ta dubi rigar Juma'a a rataye cikin leda. A nan ta girma, Hausarta takan yi tuntuɓe, amma sallamarta ta fita daidai.

Kawu ya amsa, ya juya mata baya, ya fuskanci tanti. Ya ce da ni, "Tambayi yarinyar nan ko lafiya."

"Baba, ka tashi mu tafi gida."

"Gaya mata ina gida."

Ta juyo wurina. "Onkul, ka gaya masa gidana ne! Da albashina muke biya, ni da shi!"

Na ce, "Kawu, ta ce..."

"Na ji. Gaya mata ko ita ta gina shi da hannunta, akwai mutum a ciki. Ban kai ta gidan miji don in bi ta da buta ba."

Sai ta koma Turanci, kuma da ƙarfi. Ta ce wannan kunyar kashe shi za ta yi, ta ce nan ba Kumasi ba ne, ta ce ta binne uwa ba za ta zo ta tono uba daga ƙanƙara ba. Na tsaya a tsakiya ina juya kai kamar mai kallon ƙwallo, ban fassara ko ɗaya ba. Kawu ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya zuba shayi a kofinsa, ya miƙo mini ta gefe.

"Ba ta. Sanyi ya kama ta. Kuma ka ce wa mutumin can ya tashi daga laka, ya gode."

Suka tafi ba shi.

Bayan 'yan makonni rediyon sojan ya fara cewa dusar ƙanƙara na tafe irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Yarinyar ta tare ni a bakin kantuna, idonta jawur. Ta ce mijinta ya gyara besmen ɗinsu, yana da ƙofarsa ta baya, da banɗakinsa, ba sai sun haɗu ba. Ta aika masa da wannan saƙon ta bakin nas ɗin nan 'yar Filato, ya ce a yi godiya. Ta ce, "Onkul, kai ka san shi. Ka yi wani abu."

Ni ba ni da ilimi, amma Allah bai hana ni iya kwanciya ba. Na koma na shige bargo na fara nishi. Na yi nishin da ya sa masu Sifaniyanci suka fito suna yin alamar addu'a. Kawu ya zo ya tsaya a kaina.

"Ina ke ciwo?"

"Ƙafar dama, Kawu. Ta mutu."

"Ɗazu ta hagu ka riƙe."

"Yawo yake yi. Yanzu ma ga shi ya nufi ciki."

Ya ja bokiti ya zauna. Ya daɗe yana kallona, ni kuma na rufe ido ɗaya. Numfashinsa kamar ana jan zarto. Na san ya gane, ya san na san ya gane. Abin da ban sani ba shi ne ko zai karɓi ƙofar da na buɗe masa ko zai kwaɗa mini buta.

Can ya ce, "A gidanmu ba a taɓa barin baƙo ya mutu a daji ba. Ba za a fara a kaina ba." Ya miƙo mini wayarsa. "Kira yarinyar nan. Ka ce baƙona ba lafiya, ko mijinta zai ara mana ɗaki har ya warke. Aro, ka ji? Ka faɗi kalmar da kyau."

A keken kanti aka hau da ni gangaren, sojan na turawa, ina ta salati. Kawu, wanda huhunsa ya cika da ruwa, yana biye a ƙafa da jakata a kafaɗa, ya hana kowa karɓa. Yarinyar ta wuce da mu asibiti kai tsaye, wai don a duba ni. Likita ya taɓa ƙafata ya ce in sha ruwa da yawa, sannan ya juya ya ce tun da Baba ya zo, bari a saurare shi shi ma. Aka ba shi gado nan take. Ni na ci rabin abincin da ake kawo masa.

Ƙanƙarar ta zo ta danne tantuna har ƙasa. Sojan da sauran mutane cocin nan ne ya kwashe su. Da bazara aka kawo motocin rusau. Yanzu wani dogon gini ne a wurin, marar taga ko ɗaya, an ce kwamfutoci ne ke kwana a ciki, da na'urar sanyaya musu ɗaki. Na taɓa sa direba ya tsaya na leƙa ta waya. Ko rafin ban gani ba.

Kusan shekara goma muka yi a besmen ɗin nan, kuma Kawu bai taɓa cewa yana zaune a gidan ba. In an tambaye shi a masallaci yakan ce, "Ina jinyar wani baƙo a Germantown." Bai taɓa hawa matakala ba in surukin na gida. Shi kuma in zai wuce ta saman matakalar sai ya yi gyaran murya, Kawu ya rufe kwanonsa har ya wuce. Jikoki ne ke saukowa su ci da shi, yana musu Hausa suna mayar masa da Turanci, kowa na ganin shi ya ci gardama.

Da aiki ya dawo na koma fenti. Sai dai dole in fita ina ɗingishi har in sha kwana, don yana kallo ta ƙaramar taga. In na dawo ya ce, "Ya jikin?" in ce, "Sai a hankali." Ya ce, "Ai na ga tafiyar. Kar ka yi gaggawa." Sau ɗaya na samu ɗaki a College Park na ce bari in rage musu nauyi. Miji da mata suka same ni a mota kamar za su durƙusa. Suka ce in na warke yau, gobe zai naɗe tabarmarsa. Haka na ci gaba da zama majinyacin da ya fi kowa ƙiba a Maryland.

Ranar Talata da safe, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, ina zaune gefen gadonsa a asibiti, yarinyar na tsaye ta ɗaya gefen. Ya ce, "Kira mini mutumin can." Na gyara murya don in yi aikina na tafinta. Ya ce, "Kai kuma yi shiru."

Surukin ya shigo ya tsuguna a gaban gado. Kawu ya juyo da kansa ya dube shi a fuska, ya daɗe yana dubansa.

"Ashe har ka yi furfura."

"Na yi, Baba."

"Na gode da aron ɗaki. Mun daɗe." Ya huta. "Baƙon nan nawa bai warke ba. Ban ga alamar zai warke ba. Ba shi da kunya, yana da ci, amma ba a barinsa a waje. Na bar maka shi."

Surukin ya sunkuyar da kai. "Na karɓa, Baba."

"To ba ni ruwa."

Ya tallafi kansa ya ba shi, ya sha a hannunsa, yana kallonsa. Yarinyar ta juya ta fuskanci bango. Bai kira sunanta ba har ƙarshe, bakin mayafinta kawai ya kama ya riƙe.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa ya sauka a hannun Maigidan da ba Ya barin baƙo a waje. Wanda ya karanta wannan, ya ƙara masa da Fatiha.

Ni ina nan a besmen, gadon Kawu a naɗe. Kowace safiya kafin ya fita aiki, sabon maigidana yakan tsaya a saman matakala ya yi gyaran murya, har yanzu bai daina ba, sannan ya ce, "Baƙo, ya jiki?" Shekara da shekaru ina cewa da ciwo alhali ƙalau nake. Yanzu nakan ce masa, "Da sauƙi," kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba.